Idan bayan motarka ta rimot na zamewa a kwana, ga inda zaka taɓa

Jama'a duk wanda ya ɗan jima yana tseren motar rimot ya san wannan baƙin cikin, ka shigo kwana lafiya lau kana ganin zagayen nan naka ne, kawai sai bayan motar ya fizge, ta yi katantanwa ta tsaya tana kallon inda ta fito, waɗanda ka wuce da ƙyar su zo su wuce ka ɗaya bayan ɗaya. Abin da yawancinmu muke yi daga nan shine mu koma kan tebur da zafin rai, a canza sifirin na baya, a canza man shokazoba, a ƙara to-in (karkata gaban tayoyi ciki), a matsar da batir, duk a zama ɗaya, in motar ta gyaru ba'a san me ya gyara ta ba, in kuma ta ƙara lalacewa ba'a san hanyar komawa ba.

Ni duk wanda yazo min da wannan kukan tambaya ɗaya nake fara yi masa: a daidai ina take zamewa? Lokacin da ka saki totur ko ka taɓa birki zaka shiga kwanar ne, ko a tsakiyar kwana, ko kuwa sai ka ja totur zaka fita? Indai baka da amsar wannan to ajiye sukudireba ka koma fili kayi zagaye biyar ko shida, kar ka damu da lokaci, ido kawai zaka sa. In da hali wani ya ɗauka maka bidiyo da waya ka kalla a hankali, don abin yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido. Dalilin tambayar kuwa nauyi ne. Ka saki totur nauyin mota ya tafi gaba, tayoyin baya su yi sakayau. Ka ja totur nauyi ya dawo baya, amma a lokacin kuma tayoyin bayan aiki biyu suke yi, suna tura mota gaba suna kuma riƙe ta kar ta zame gefe, riƙon taya kuma yanada iyaka, abin da ka kashe wajen turawa ka rage shi ne daga na gefe. Shi yasa gyaran da zai yi maganin zamewar shiga wani lokacin shine yake ƙara ta fita.

Amma kafin ma a zo nan, akwai tambaya ta biyu, kwana ɗaya take yi maka haka ko duka biyun? Idan kwanar dama kawai take juyewa, ta hagu kuma tana zaune daram, to wannan ba maganar saiti bace, akwai abin da ya karkace ko ya cije. Fara da taya. Kama kowace ta baya ka ja bakin robar daga jikin rim zagaye ɗaya, ciki da waje, gam yana ɗagawa a wuri ɗan ƙarami wanda ido baya gani sai mota ta kwanta a kansa a kwana sannan ya buɗe. Na taɓa ɓata kusan yini guda ina canza sifirin da mai akan wata bugi (motar rimot ta tseren ƙasa mai gargada), ashe gam ne ya saki ta cikin tayar baya ta hagu, tsawon wurin bai kai kan yatsa ba, ranar naji ciwon abin sosai. Daga nan cire shokazoba gaba ɗaya ka ɗaga kowane hannun taya ka sake shi, ya kamata ya faɗo da kansa da nauyinsa, in ya tsaya a sama to fil ɗinsa ya lanƙwashe ko ka ɗaure sukuru fiye da kima. Juya kowace taya da yatsa ka ji boris, mai ƙara kamar akwai yashi a ciki a cire shi. Sai shokazoba biyun na baya, ka ajiye su gefe da gefe, tsawonsu ya zama ɗaya, ka danna su tare ka ji ko ɗaya ya zubar da mai ko iska ta shige shi.

Sai kuma karkacewar casis (ƙashin motar da komai yake ɗaure a kai), wadda ake cewa tuwik. Ka sa batir da komai kamar zaka shiga fili, ɗora motar akan abu shimfiɗaɗɗe sosai kamar gilashi, danna ta sau biyu uku ta zauna, sai ka sa bakin wuƙa a daidai tsakiyar casis ta gaba ka ɗaga a hankali. Tayoyin gaba biyu su bar ƙasa lokaci ɗaya. Idan ta hagu ta riga tashi, ka ƙara matse kolar sifirin (zoben da ake murɗawa a saman sifirin) ta baya ta dama kaɗan, ka sassauta ta hagu daidai wannan gwargwadon, don nauyin a gicciye yake aiki. In motar ta sha karo mai ƙarfi, sassauta sukurorin farantin sama, danna casis ɗin akan gilashin ya miƙe, sannan ka sake ɗaurewa. Kuma a lura, matse kolar nan baya ƙara wa sifirin tauri, tsayin mota daga ƙasa kawai yake canzawa, mutane da yawa suna murɗa ta da sunan suna taurara baya alhali ɗaga ɗuwawun motar kawai suke yi, wanda shi kansa yana rage mata riƙo. Motar kwalta ko kafet mai girman 1/10 na motar gaske, irin wadda ake kira turin (touring), tsayinta yana wajen milimita 5 zuwa 5.5, bayan ya yi daidai da gaba ko ya ɗara shi da ɗan kaɗan, in ka auna ka ga baya ya haura gaba da milimita ɗaya cur to ka samo ɗaya daga cikin masu laifin.

Taya ita ce rabin maganar, ko ma fiye. Babu saitin da zai sa tayar da bata dace da fili ba ta kama ƙasa. A tayoyin turin zaka ga lambobi irin 28, 32, 36, ƙaramar lamba roba mai laushi ce ta fili mai sanyi, babba ta fili mai zafi. Ka sa mai laushi a kwalta mai zafi, minti biyu na farko zaka ji daɗi, daga nan ta yi zafi ta fara narkewa bayan ya koma kamar akan sabulu. Wanda motarsa ke lafiya a farkon tsere sai can wajen ƙarshe take fara wutsiya, ya duba nan kafin ko'ina. Inda aka yarda da shafa man ƙara riƙo, a shafe tayar baya duka, ta gaba kuma rabi ta ciki kawai, wannan kaɗai yana kwantar da mota sosai.

To yanzu zamewar shiga kwana, wadda ita ce tafi damun mutane. Fara da abin da baya buƙatar kwance komai, wato rimot ɗinka da ESC, na'urar da take sarrafa wutar da ke zuwa injin motar. Akwai birkin da ESC yake sawa da kansa da zarar ka saki totur, dirag birek, in yayi yawa to duk sakin totur kamar ka ja birkin hannu ne, musamman a bugi mai jan baya kawai wadda birkinta duka a tayoyin baya yake. Rage shi da kashi 5 ka gwada. Ƙarfin birkin gaba ɗaya ma ka rage shi daga rimot har sai ka iya danna shi duka a miƙaƙƙiyar hanya ba tare da tayoyi sun kulle ba. Haka sitiyari, in kwanar tayi yawa ka rage diyal ret, wato iyakar juyawar sitiyari a rimot, zuwa iya abin da kwana mafi matsi a filin take buƙata.

Idan an yi wannan bata daina ba, sai durup, wato iya nisan da hannun taya yake saukowa ƙasa in an ɗaga mota. Ka gane, lokacin da ka saki totur bayan motar yana ɗagawa, kuma yawan durup na baya shine yake bashi izinin ɗagawa da yawa ya juye nauyi a gaba. Rage durup na baya, bayan ya kasa tashi sosai, motar ta shiga kwana a natse. A turin da bugi ta 1/8 akwai ɗan sukuru a jikin hannun da yake tokarar casis, ɗaure shi ciki yana rage durup. Anan mutane suke rikicewa da gejin awo, wanda ake ɗora casis akan tubalan milimita 10, don a gejin nan babbar lamba tana nufin durup kaɗan ne, ba mai yawa ba. In baka da geji, auna tsayin mota a zaune, ka ɗaga bayan har taya ta fara barin ƙasa ka sake aunawa, bambancin shine durup ɗinka. Rabin milimita a turin canji ne babba wlh, kar ka wuce haka a lokaci ɗaya, kuma hagu da dama su zama ɗaya sak. Bugi ta 1/10 yawanci bata da sukurun nan, sai dai a sa 'yan wasa (siraran zobba irin waɗanda ake sawa a ƙarƙashin noti) a cikin shokazoba ƙarƙashin fistin don rage tsawonsa. Sai dai fa a fili mai gargada kar a rage da yawa, taya tana buƙatar wurin saukowa ta bi rami, in ka hana ta zata riƙa rataya a iska, kaga an koma gidan jiya.

Man dif (giyar da take raba ƙarfi tsakanin tayoyi biyu) na baya shima yana da hannu. Mai kauri yana sa tayoyin baya biyu su so juyawa tare, motar ta ƙi saurin karyawa, shiga ta yi sanyi. Mai ruwa-ruwa yana barinta ta juya da sauri da ka saki totur. A turin ana yawan zama tsakanin 3000 zuwa 7000 a ma'aunin kaurin mai na cSt, to in kana 3000 kuma shiga ce matsalarka gwada 5000. Amma riƙe wannan a ranka, zamu dawo kansa a wajen fita, don can akasin haka yake aiki.

Ga kuma abin da nafi so mutane su ji. Sau da yawa bayan bashi da laifin komai, gaban ne yake cizo fiye da kima, ana barin jaki ana dukan taiki. In gaba ya kama ƙasa da ƙarfin da baya ba zai iya binsa ba dole baya ya zagayo. Kafin ka lalata baya da laushi, gwada taurara gaba: sifirin na gaba mataki ɗaya sama, ko man shokazoba na gaba ya ƙaru da 50 a wannan ma'aunin na cSt, ko sandar hana kwanciya ta gaba mai ɗan kauri. A bugi wani lokacin canza tayar gaba zuwa wadda bata da cizo sosai ya wadatar. Ni dai a ganina mota mai ɗan turawa gaba kaɗan tafi mai kaifin sitiyari kawo lokaci mai kyau a tsere na minti biyar, don zaka iya maimaita zagaye iri ɗaya da ita, juyi ɗaya kuwa yana cinye daƙiƙun da zagaye goma masu kyau suka tara maka.

Tsakiyar kwana maganarta bata da tsawo. Anan mota ta kwanta a gefe, tambayar kawai ita ce tayar waje ta baya tana zaune da faɗinta a ƙasa ko a'a. Kamba kenan, saman taya ya ɗan karkata ciki, digiri 1.5 zuwa 2 shine inda ake farawa, kuma a auna da mota a zaune da batir a ciki. Tayar da kanta zata faɗa maka gaskiya, in gefen waje yafi cinyewa ƙara kamba, in na ciki ne ya cinye ya bar sauran sabo to tayi yawa. Bayan kamba sai sandar hana kwanciya ta baya, a sa siririya. Kar kaurin ya ruɗe ka kace ai 0.1 ne kawai, taurin waya yana tafiya ne da kaurinta a ninka sau huɗu a kanta, daga 1.2 zuwa 1.3 taurin ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin 100. Sifirin na baya mai ɗan laushi ma yana taimakawa a fili mai santsi, haka kwantar da shokazoba rami ɗaya ciki a hasumiyarsa.

Rol senta kuwa, wato wurin da jikin mota yake juyawa a kai in ta kwanta gefe, ina ba sabon shiga shawara ya barshi sai ƙarshe, amma ga yadda yake a taƙaice: ƙara wasa a ƙarƙashin ƙwallon ciki na sandar kamba ta baya yana saukar da rol senta, motar ta ƙara kwanciya, bayan ya ƙara riƙo a fili mara kamu. Rabin milimita ko milimita ɗaya ya isa gwaji. Doguwar sandar kamba kuma tana sa in bayan zai saki ya saki a hankali yadda zaka ji shi ka tare, gajeruwa tana riƙewa da ƙarfi sannan ta saki farat ɗaya. A kafet mai kamu sosai kuma kar a bi wannan hanyar da yawa, riƙo in ya wuce kima mota kifewa take yi a tsakiyar kwana.

Sai fita daga kwana. Gaskiya anan yatsa yafi komai laifi, a ja totur duka alhali tayoyin gaba basu miƙe ba. Mota mai injin lantarki irin buroshles da batirin LiPo 2S da aka cika zuwa bolt 8.4 tana bada ƙarfinta ne nan take, to rage fonc (zafin tashin farko) a ESC, ko ka sa ekspo a totur yadda farkon jan zai yi laushi. Wasu zasu ce a sa jairo (na'urar da take gyara sitiyari da kanta in baya ya zame) kawai a huta, to a wasan dirift, inda ake zamewa da gangan, babu laifi, amma a tsere yawancin dokoki har da na IFMAR, hukumar tseren motocin rimot ta duniya, basu yarda da shi ba, kuma ɓoye ciwon yake yi ba warkarwa ba.

A jikin mota kuma babban makami shine to-in na baya, gaban tayoyin baya su ɗan kalli juna. Digiri 3 shine gama-gari, in kana 2.5 kuma tana wutsiya a fita ka hau 3, in fili yayi santsi sosai 3.5. Ana canza shi ne da tubalan da suke riƙe fil ɗin hannu ko da hob (mariƙin taya a ƙarshen hannu), rabin digiri a lokaci ɗaya. Yana aiki sosai shi yasa ake son wuce gona da iri da shi, amma yana cin gudu a miƙaƙƙiya, yana ƙona taya, yana kuma sa mota ta ƙi juyawa a kwana mai matsi, garin neman gira a rasa ido. Durup na gaba ma ka duba, ƙara shi kaɗan yana barin hancin mota ya ɗaga in ka ja totur, nauyi ya zauna a baya inda ake buƙatarsa.

Mu dawo kan man dif. A fili mai santsi, mai kauri a baya yana sa tayoyin biyu su ƙwace tare da zarar ka bada wuta, bayan ya tafi gefe gaba ɗaya, to anan ragewa ake yi. Amma in yayi ruwa da yawa tayar ciki ce zata riƙa juyawa a banza motar ta rasa turi. Shi yasa na nace akan sanin inda take zamewa tun farko. A bugi ta 1/8 mai dif uku, da yawa suna farawa da wajen 7000 a gaba, 7000 a tsakiya, 3000 a baya, kuma na tsakiyan ne sirrin, rage kaurinsa yana tura ƙarfi zuwa gaba lokacin hanzari, bayan ya samu sauƙi, sai dai zaka ga tayoyin gaba suna kumbura in ka wuce da shi.

Masu bugi mai jan baya, silifa kuloci (kulocin da yake zamewa in ƙarfi yayi yawa) naku ne. Sassauta notinsa kaɗan kaɗan har in ka ja totur duka daga tsaye a filin ya ɗan zame na kamar rabin mita kafin ya kama. In kana da dif mai ƙwallaye ka tabbata kulocin ne yake zamewa ba dif ɗin ba, in kaji wani ƙara kamar haushi lokacin tashi to dif ne, a ɗaure shi maza kafin ya cinye farantansa. Matsar da gajeren batir baya, ko matsar da hob na baya gaba a rage tazarar tayoyi, duka biyun suna ƙara nauyi akan tayoyin baya. Anti-sikwat kuma, wato yadda gaban fil ɗin hannun baya yake ɗara bayansa tsayi, yana wajen digiri 1 zuwa 3, ƙara shi yana bada cizo a tashin farko a miƙe amma yana rage riƙon gefe kuma baya son gargada, rage shi yana kwantar da baya a cikin kwana.

In kuwa a kan gargada kawai take tsalle tana watsa baya, to man shokazoba ne, yayi kauri taya bata iya bin ƙasa, ko yayi ruwa casis yana dukan ƙasa. Juya motar ka duba ƙasan casis ta baya, sabon karce mai yawa yana nufin tana duka. Mai da ake rubutawa da wt da wanda ake rubutawa da cSt ba ma'auni ɗaya bane, 30wt na Team Associated yana wajen 350, na wani kamfanin kuma daban, don haka ka tsaya akan kamfani ɗaya. Wadda kuma sai a kwana mai gudu sosai take sakin baya, a ƙananan kwanoni lafiya lau, duba fiffike da bodi, fiffiken da ya tsage ko yake lanƙwashewa da iska bashi da amfani, a ƙara masa kusurwa ko a bar bangon bayansa da ɗan tsayi.

Duk wannan da na lissafo abu ɗaya ake taɓawa, a yi zagaye biyar zuwa goma da agogo, a rubuta a takarda abin da aka canza daga nawa zuwa nawa da yadda aka ji, in bai yi ba a maida shi yadda yake kafin a taɓa na gaba. In ka riga ka rikita motar har baka san inda kake ba, ɗauko littafin da yazo da ita, ko Xray ce ko Yokomo ko Tamiya ko Kyosho duk suna da takardar saitin farko a ciki, maida komai can ka faro daga nan. Kuma ayi gwajin a ranar atisaye, ba'a fafe gora ranar tafiya. A takardar ka riƙa rubuta lokaci da yanayin zafi, don man silikon yana ƙara kauri in gari yayi sanyi, kwalta ma riƙonta da rana tsaka daban da na yamma, fili kuma yana ƙara kamu yayin da motoci suke zuba roba akan layi. Motar da ta yi maka wutsiya a zagayen farko na safe akan fili mai ƙura, bari a ɗan tattaka filin tukuna ka sake gwada ta kafin ka kwance ko sukuru ɗaya.